Fim Ɗin Wa? Sharhi Kan Sana'ar Mai Shirya Fim Mai Cin Gashin Kansa a Katsina

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su a talabijin da intanet ba tare da an kai mata ta duba ba. Maganar ta Kano ce, amma ruɗanin ya iso Katsina da Daura da Funtuwa da Malumfashi, inda matasa da dama ke da kyamara ɗaya, kwamfuta ɗaya da tashar YouTube. Shin umarnin ya hau kan wanda bai taɓa ɗaukar ko sin ɗaya a Kano ba? Wanda YouTube kaɗai yake sa fim ɗinsa, wa zai kai wa ya tace? In ma ya kai, daga ina kuɗin zai fito?

Tambayoyin nan duk wuri guda suke komawa. Cikin shekara talatin da 'yan kai sana'ar ta sauya kasuwa sau biyu, kuma kowane sauyi ya canza wanda ke riƙe da wuƙa da nama. Wanda bai lura da haka ba yana iya shafe shekara biyar yana fim, sunansa na fitowa a allo da manyan baƙaƙe, alhali ko minti ɗaya na abin da ya ɗauka ba mallakarsa ba ne.

Wane ne mai cin gashin kansa?

A bakin 'yan fim, furodusa shi ne mai shiryawa: shi ke nemo labari, ya tara ma'aikata, ya kama lokeshan, ya sallami kowa. Darakta shi ke ba da umarni a gaban kyamara. Mai ɗaukar nauyi kuwa shi ne mai kuɗin, sau da yawa ɗan kasuwa ko ɗan siyasa wanda ba ya leƙa wurin ɗauka, sai dai a tura masa tirela ya gani a waya. Yanzu an sami na huɗu, mai tasha, wato wanda asusun YouTube ɗin da ake ɗora fim ɗin yake da sunansa.

Kannywood ta ginu ne a kan tsarin gida-gida. Yaro ya shiga ƙarƙashin ubangida, ya fara da riƙon fitila ko rubuta kwantiniti, wato lura da kada kaya ko tsayuwar jarumi su saɓa tsakanin sin da sin, a hankali a ba shi sin biyu, wata rana a ce ya ja aikin. Ana ce masa yaron wane, kuma sunan ubangidan ne ke buɗe masa ƙofa wurin jarumai da masu kuɗi. Mai cin gashin kansa shi ne wanda ya fita daga wannan layi, ko bai taɓa shigarsa ba. Ba gidan da ya tsaya masa, ba tashar talabijin da ta ba shi kwangila, shi ke nemo jari, shi ke kwana da asara. A Katsina galibi mutum ɗaya ne marubuci kuma darakta kuma edita, ranakun Asabar da Lahadi kuma yana ɗaukar bidiyon biki ko taron siyasa don tukunya ta hau wuta.

Kalma ɗaya ce ke yawan rikita zance: tacewa. Edita na tace fim a kwamfuta, wato yanka da jeranta hotuna da gyaran sauti. Hukuma ma na tace fim, wato ta kalla ta ce a cire kaza, ta sa masa shekarun masu kallo, ta ba da shaida. In furodusa ya ce fim ɗinsa "yana wurin tacewa", sai an tambaye shi wacce.

Daga kwali zuwa tasha

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, hanyar kuɗi a fili take. Furodusa ya gama fim, ya buga kwali, wato bangon kaset mai hoton jarumai, ya kai wa diloli a Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Su ke gurza kaset, daga baya faifan CD, su rarraba har Katsina da Maraɗi da Damagaram. Yawan kwalin da aka saya shi ne cinikin furodusa. Tsarin yana da nasa cutar, domin dila na iya riƙe kuɗi wata da watanni, amma kowa ya san ƙofar da zai je ya tsaya.

Waya mai memori ce ta rushe wannan kasuwa. Masu tura fim a waya, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, suka cika bakin kasuwanni da tashoshin mota, mutum ya sayi faifai ɗaya ya tura wa ɗaruruwa a kan 'yan canji. Fina-finan Indiya masu fassarar Hausa suka zo suka raba masu kallo. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da kallon labari mako-mako a kyauta. Zuwa 2020, shekarar kullen korona, hanya ta gama karkata zuwa YouTube, kuma ɗaya daga cikin fina-finan da suka nuna cewa abin zai yiwu, Izzar So, a tashar Bakori TV ta Lawan Ahmad, ɗan asalin Bakori ta Jihar Katsina, ya fito.

Wannan sauyi ya cire dilan Ƙofar Wambai daga tsakiya, ya sa matashin Ƙofar Ƙaura ko na Shargalle zai iya kai fim ɗinsa ga mai kallo a Jidda ba tare da ya taka Kano ba. Sai dai wani dilan ya maye gurbinsa, kuma sharuɗɗan wannan a rubuce suke.

Lissafin YouTube

Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla, YouTube na buƙatar mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12 da suka wuce, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Sa'o'i 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowace fitowa minti 40 ce, kuma mai kallo kan tsaya minti 15 kafin ya fita, ana buƙatar kallo 16,000. Adadin ba shi da ban tsoro, amma duk abin da aka kalla kafin a kai shi sadaka ne. Wanda ya zuba jarinsa duka a zango na farko a sabuwar tasha, kallon farko na fitowarsa mafi tsada ba zai kawo ko sisi ba. Shi ya sa masu dabara ke fara gina tasha da abu mai arha, gajeren barkwanci ko hira ko waƙa, sai ta cika sharaɗi sannan su saki babban aiki.

Bayan an karɓi tasha, mai ita na samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyo, kamfanin ya riƙe 45. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya, wanda shi ne asalin samun fim mai dogon zango. Ana biya wata-wata, daga ranar 21, in kuɗin ya kai dala 100. Kafin nan, da ya kai dala 10, sai Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ta aiko da lambar tantance adireshi ta gidan waya, kuma a nan mutane da yawa ke maƙalewa, domin adireshin "bayan masallacin Juma'a" ba ya kawo wasiƙa. Sunan da ke asusun biyan kuɗi dole ya yi daidai da na katin shaida da na banki. Akwai kuma fom ɗin harajin Amurka: wanda ya cike shi, ana cire kashi 30 daga abin da masu kallon Amurka kaɗai suka kawo, tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasar da Najeriya. Wanda ya yi biris da shi ana iya cire masa har kashi 24 na dukkan kuɗinsa.

Abin da ya fi rikita masu ɗaukar nauyi shi ne yawan kallo ba shi ne yawan kuɗi ba. Masu talla na biyan kuɗi gwargwadon ƙasar da mai kallo yake, kuma kallon Najeriya da Nijar yana cikin masu arha idan aka kwatanta da na Amurka ko Ingila ko ƙasashen Larabawa. A ƙaddara, don lissafi kawai, tasha na samun dala ɗaya a kan kowane kallo dubu. Fitowar da ta sami kallo 200,000 ta kawo dala 200. Daga ciki za a biya jarumai, hayar kyamara da fitilu, man janareta, abinci, edita da data. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka dalar YouTube ta yi auki. Amma kyamara da batir da rumbun ajiya da dala ake shigo da su, kuma cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin janareta da na mota. Abin da hannun dama ya karɓa, na hagu ya miƙa.

Saboda haka kusan duk fim mai dogon zango da ya ɗore, tallar cikin gida ce ke riƙe da shi: mai atamfa, mai turaren wuta, mai maganin gargajiya, mai fili da gidaje, ana sa tallarsu a farko da tsakiya ko a saƙa su cikin labarin. Wannan kuɗi a hannu ake karɓarsa, da naira, kafin fim ya fita. Haɗarinsa shi ne furodusa ya tallata maganin da ba shi da rajistar NAFDAC ko wata harkar zuba kuɗi ta bogi, laifin ya dawo kansa.

Kura da shan bugu

Ga yadda abin ya saba faruwa. Matashi ya gama zango ɗaya, fitowa 13, da kuɗin da ya tara da wanda yayansa ya ranta masa. Tasharsa ba ta da mabiya, sai ya ɗauki rumbun ajiya ya je wurin mai babbar tasha. Aka gaisa, aka ce "ba komai, ƙanena, a ɗora a nan, abin da Allah Ya kawo mu raba biyu." Ba takarda. Wata uku fim na tafiya, mai tasha na turo abin da ya ce shi ne rabi. Furodusa ba shi da hanyar ganin shafin lissafi, bai san ko kallon Saudiyya ya fi yawa ba, bai san an yayyanka fim ɗin ana sa guntayensa a Facebook ba. Ranar da suka ɓata, ya buɗe tasa tashar ya ɗora aikinsa, sai a kai ƙorafin satar fasaha a kansa, tunda waccan tasha ce ta fara fitar da shi. Gargaɗi uku irin wannan cikin kwana 90 na iya rufe tasha gaba ɗaya. Mabiyan da fim ɗin ya jawo kuwa sun zama na mai tasha har abada.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki wanda ya tsara yadda za a yi fim a matsayin mai shi, sai fa in masu aikin sun yi wata yarjejeniya daban a tsakaninsu. Kariyar na kai shekara 50 daga fitowar fim ɗin. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba wani izinin da ya keɓanta gare shi shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. A fili wannan gata ne ga furodusa. A aikace, mai ɗaukar nauyi zai ce shi ya tsara tunda kuɗinsa ne, darakta zai ce shi ne, kuma in ba takarda sai dai a koma gaban dattawan ƙungiya a yi sulhu, inda galibi mai ƙarfi ke fita da kaso mai tsoka.

Takardar ba sai ta yi shafi goma ba. Ta faɗi cewa aro aka ba tasha ba sayarwa ba, na wata nawa, a wane dandali, kaso nawa, kuma furodusa na da izinin shiga ya ga lissafin da idonsa, abin da YouTube ya tanada ba tare da an ba kowa lambar sirri ba. Marubuci ya sa hannu cewa ya sayar da labarin ko ya ba da shi a kan kaso. Mawaƙi ma haka, domin yawancinsu yanzu suna rajistar waƙoƙinsu da kamfanonin rarraba waƙa, kuma na'urar YouTube na gane sautin ta karkatar da kuɗin tallar fitowa guda zuwa wurin mai waƙar minti uku. Jarumi ya sa hannu a kan adadin kwanakin aiki da na fitowa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: jaruma na iya yin aure a tsakiyar zango ta bar fim, jarumi na iya ganin labarin ya karɓu ya ninka kuɗinsa. Masu gogewa kan ɗauke duk sina-sinan babban jarumi na zango ɗaya a jere cikin 'yan kwanaki, maimakon a riƙa kiransa mako-mako.

Ita kanta tashar, a buɗe ta da imel da lambar wayar mai fim, a sa mata tabbaci mai mataki biyu. Tashoshi da yawa sun salwanta saboda yaron shagon kwamfuta ne ya buɗe su da lambarsa.

Hukuma biyu, fim ɗaya

Tsarin mulkin 1999 ya sa tace fina-finai cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai tare. Tarayya na da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, NFVCB, da aka kafa da dokar 1993, kuma ikonta ya game ƙasa duka, har da Katsina. Ita ke sa wa fim alamar shekaru irin su 12 da 15 da 18. A 2024, ƙarƙashin Shaibu Husseini, ta fito da ƙa'idojin hana ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi a fim, ta kuma bayyana cewa gajerun bidiyon barkwanci da na waƙa ma suna cikin abin da ya kamata a kawo mata. Tsarin mulkin ya bar wa kowace jiha dama ta kafa tata hukumar, kuma Kano ta yi haka a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a.

A doka, ikon hukumar Kano a iyakar jihar ya tsaya. Fim ɗin da aka rubuta, aka ɗauka, aka gyara a Katsina, aka ɗora a intanet daga Katsina, umarninta bai hau kansa kai tsaye ba. Sai dai fim irin wannan kaɗan ne. Fitattun jarumai a Kano suke da zama kuma rajistar hukumar suke riƙe da ita, ba za su so a gan su a aikin da zai jawo musu dakatarwa ba. Manyan editoci, masu ba da hayar kaya, gidajen sinima da tashoshin da ke sayen fim, yawancinsu can suke. Ta wannan ƙofar baya umarnin Kano ke shigowa Katsina. A gida kuma akwai Hukumar Hisba da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa a 2023. Ba aikinta ba ne tace fim, amma sutura da cakuɗuwar maza da mata a masauki ko wurin taro suna cikin abin da take sa wa ido, kuma lokeshan taro ne.

Masu goyon bayan tsaurarawa, cikinsu har da malamai da iyaye da wasu dattawan masana'antar, hujjarsu ita ce fim ɗin YouTube ya fi na kaset shiga gida, yana hannun yaro a ɗaki ba mai gani, kuma gasar neman kallo na tura masu shiryawa zuwa ga batsa da zagi da taken da zai ja ido. A ganinsu in aka tace na talabijin aka bar na intanet, an rufe taga an bar ƙofa. Masu shirya fim kuma, ko waɗanda ba su ƙi tacewar ba, kukansu na lokaci ne da kuɗi. An gina dokokin ne a zamanin da fim ke fita sau ɗaya. Yanzu ana ɗauka Litinin, a gyara Laraba, a saki Juma'a, kuma tsallake mako ɗaya na sa mai kallo ya koma wata tashar. Akwai ra'ayi na uku da ba a cika ji ba, na ƙananan masu shiryawa: babban gida na iya kammala zango guda ya kai a duba a dunƙule, amma wanda sai fitowa ta uku ta kawo kuɗi zai ɗauki ta huɗu ba zai iya ba. Ƙa'ida ɗaya ce, nauyinta ne ya bambanta. Ba a manta ba kuma cewa ra'ayin jama'a na iya fin doka ƙarfi: a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kano bayan adawar malamai.

Lokeshan

Katsina na da abin da Kano ke nema a fim ɗin tarihi da sarauta: Hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, tsoffin lungunan cikin birni, Rijiyar Kusugu da fadar Daura, dawakai da kayan hawa. Mai Martaba, fim ɗin Hausa da Najeriya ta tura gasar Oscar a ƙarshen 2024, a Daura aka ɗauke shi. Amma wuri ba ya ɗaukuwa sai da izini, kuma izinin hawa-hawa ne: mai unguwa, dagaci ko hakimi, ofishin 'yan sanda na yankin, masarauta in abin ya shafi fada ko kayan sarauta. Kakin soja ko na ɗan sanda da bindigar roba ba abin fitowa da su ba ne sai jami'an tsaro sun sani a rubuce, balle a jihar da ke fama da 'yan bindiga. Jirgin ɗaukar hoto daga sama ma yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Dazuzzukan Batsari da Safana da Jibiya da Ƙanƙara, duk kyawunsu a kyamara, sun fita daga lissafin mai hankali, kuma jaruman Kano kan tambayi hanya kafin su tambayi kuɗi.

Ta fuskar aiki, sauti ne ke kashe ƙananan fina-finai, ba hoto ba. Mai kallo a waya na yafe hoto mai ɗan duhu, ba ya yafe maganar da ba ya ji. Makirfon da ke jikin kyamara ba ya wadatarwa, sai na maƙalawa a riga ko na sanda, janareta kuma a kai shi bayan katanga da doguwar waya. A tsara ɗauka a kan lokutan kiran salla da tashin 'yan makaranta, a naɗi shirun kowane ɗaki na daƙiƙa 30 don edita ya cike giɓi. A saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, domin wutar Najeriya mai bugu 50 ce, in aka bar ta a 30 fitilun ɗaki kan yi ƙyafta-ƙyafta a hoto. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙananan kyamarori na kashe kansu, don haka sin ɗin waje da sassafe ko bayan la'asar ake yinsa. Hazon hunturu na ba da haske mai laushi, amma ƙurarsa na shiga kyamara duk lokacin da aka canza gilashi a fili.

Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, wato fitowa 13 masu minti 40 sun haura shafi 500. Wanda ya shiga lokeshan da shafi 60 da niyyar "sauran a ƙirƙira a can" zai gane kurensa a fitowa ta biyar, lokacin da jarumai suka fara zama a falo suna maimaita abin da ya faru. Ɗauka a 4K, wato hoto mai tsabta sosai, na cin wajen gigabait 45 a sa'a a yawancin ƙananan kyamarori. A kwafe aikin kowace rana a rumbu biyu daban kafin a goge kati, ɗaya kuma kada ya kwana a ɗakin da ɗayan yake.

Jari, da zancen komawa Kano

Gwamnatoci sun sha fito da tallafi: naira biliyan 3 a 2013 zamanin Goodluck Jonathan, asusun Bankin Masana'antu a 2015, bashin Babban Banki mai ruwa kashi 9 a 2019, sai asusun bunƙasa ƙirƙira na ma'aikatar al'adu zamanin minista Hannatu Musawa, ita ma 'yar Jihar Katsina. Abu biyu ke tare 'yan Arewa a bakin ƙofa. Na farko takardu: rajistar CAC, lambar haraji, asusun banki na kamfani mai tarihin shige da fice, da tsarin kasuwanci a rubuce. Na biyu ruwa, wanda da yawa ba za su taɓa ba saboda addini. Abin da ya rage shi ne haɗin gwiwa a kan riba da asara, kuma shi ma takarda yake so, domin mai kuɗi kan ɗauka bashi ya bayar, furodusa kuma ya ɗauka jari aka zuba.

Masu cewa a koma Kano suna da hujja: tafiyar kilomita 170 ce ko kusa da haka, kuma can jarumai da kayan aiki da masu talla suke. Masu zama gida na duban arhar lokeshan da masauki, da labaran da ba a taɓa ba, da Katsinanci da Dauranci waɗanda kunnen mai kallon Maraɗi da Damagaram ya saba da su. Da yawa sun raba ƙafa, su ɗauka a gida da sababbin fuskoki, su gayyato fitacce ɗaya na kwana biyu don hoton talla. Akwai kuma hanya ta daban, mai jinkirin kawo kuɗi: gajeren fim mai fassarar Turanci a ƙasa, a tura shi bikin baje kolin fina-finai na KILAF a Kano, ko Zuma na Hukumar Fina-finai ta Ƙasa wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, ko FESPACO a Wagadugu. Bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet, saboda haka tun kafin a kunna kyamara ake zaɓar hanya.

Inda abin ke taɓa mai kallo da maƙwabci

Mai kallo yana ganin kyauta yake kallo, amma da data yake biya, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50. Fitowa ɗaya a mako ba komai ba ce, amma mai bin fim biyar zai ji a aljihunsa, shi ya sa shagunan tura fim ba su mutu ba. Kowane kallo a shagon nan kuwa ba ya shiga lissafin furodusa. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a watan Satumban 2021, masu kallon yankin gaba ɗaya sun ɓace daga lissafin tashoshi na tsawon watanni.

In tacewa kafin saki ta zauna da gindinta, abin da ya fi yiwuwa shi ne fina-finai su ragu, zango ya riƙa fita a kammale da hutu a tsakani, ƙananan masu shiryawa kuma wasu su koma ƙarƙashin manyan tashoshi, wasu su koma gajeren barkwanci da ba ya buƙatar jari. Iyaye za su sami wata alama da za su duba, ko da yake YouTube ba ya tambayar shaidar kowace hukuma kafin a ɗora bidiyo. Masu cin abinci a gefen lokeshan, mai dafa abinci, tela, mai kwalliya, mai ba da hayar gida ko doki, ɗan acaɓa da mai Keke Napep, cinikinsu na bin yawan kwanakin ɗauka ne, kuma su ke fara jin tsayawar aiki tun kafin jarumai. Uban da 'yarsa ta zo da maganar shiga fim, ko ɗan kasuwar da ƙanensa ya zo neman jari, yanzu yana da abin tambaya takamaimai: rajistar kamfanin, takardar izinin lokeshan, inda za a kwana da wanda ke kula da mata, da sunan wanda tashar take hannunsa.